Daɓen Nomau a Ikko

Mun sauka Obalende rana ba ta yi ƙarfi ba,
sandar Kaka Nomau a gaba, ni a baya da katin asibiti.
Ya ce likita ya jira mu yau,
ai shi ma ya iya sa mutane jira.

Motar haya ta tofar da mu kamar ƙwallon dabino,
yaron mota rataye da ƙofa
yana kiran Idumota kamar mai bin ta bashi.
Ƙamshin ƙosai ya yi karo da warin kwata,
aka rasa wanda ya kayar da wani.

Muka kutsa lungunan Popo Aguda,
inda tsofaffin benaye ke tsaye kafaɗa da kafaɗa
kamar dattawa a sahun jana'iza.
Furen siminti a saman tagogi,
rabi ya zube, rabi na riƙe da wayar lantarki.
Wata mata daga bene ta zuro guga da igiya,
mai burodi ya saka biyu, ya ɗauki kuɗinsa.

Kaka ya tsaya cak.
Haka, in ji shi, haka Mai Igiya yake faɗa.

Mai Igiya Bature ne, mutumin Italiya,
gajere, mai gashi har a kunne,
ba ya yarda da ido sai ya ja zare.
Shi ya ɗauki Kaka aiki
shekarar da jirgin ƙasa ya sauke shi a Iddo
da tabarma ɗaya da sunan wani ɗan garinsu.
Suna goge tarazo, gwiwa a ruwa,
Bature na ba da labarin birninsu:
lungu matsattse, shanya daga taga zuwa taga,
mata na faɗa a sama, kifi na tsada a ƙasa,
ga teku, ga wani dutse mai fushi yana tsaron gari.
Ya ce Ikko ƙanwar garinsu ce,
dutsen kawai aka hana ta gado.

Kaka bai taɓa ganin birnin ba,
amma ya san kwanar da ake sayar da lemon tsami.

Muka bi ta Balogun, atamfa har rufi,
'yan dako na ihu a ba su hanya,
wani ya taka ni, ya ba sandar Kaka haƙuri.
Sau uku muna ɓata.
Inda ya bar itacen fruntu, banki ya tsiro.

Sai ga gidan, mai ƙofa shuɗiya,
yanzu shagon rigunan waya ne.
Iya Morayo ta dube mu sama da ƙasa:
me za ku saya?
Kaka ya ce da Yarbancinsa mai tsatsa,
ƙasa na zo gani.

Ta yi tsaki, ta yi dariya, ta ja kwali gefe.
Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara,
ya fasa ledar ruwa da haƙorin da ya rage,
ya shafa da tafin hannu.
Tsakuwa kore da fara suka buɗe ido
kamar jiya aka kwantar da su.

Can a kusurwa, layin tagulla ya ɗan karkace.
Nan ne, in ji shi. Sule uku ya yanke mini.
Ya yi ta dariya har tari ya karɓe.

Iya Morayo ta miƙo kujera, ba ta ce komai ba.
Wani yaro ya shigo neman caja,
ya tsallake jiƙaƙƙen wurin a hankali
bai san dalili ba.

Da muka isa asibiti an rufe karɓar kati.